Jikin namiji ya shiga kasuwar talla

An daɗe ana kuka da yadda ƴan kasuwa suke baje jikin mace don a sayi sabulu ko turare. Yau abin ya iso kan maza, kuma ya kamata mu dube shi da idon basira.

Daga ƙasashen Turawa abin ya taso. A shekara ta 1985 kamfanin Levi's ya yi wata talla a telebijin ta Ingila: wani saurayi mai suna Nick Kamen ya shiga gidan wanki, ya tuɓe riga da wando, mata suna kallo. Wandon ya yi kasuwa ƙwarai. A 1994 tallar Diet Coke a Amurka ta nuna mata ma'aikata sun taru bakin taga suna kallon wani lebura da ya cire riga yana shan lemo. Leburan bai ce uffan ba, ba a kuwa faɗi sunansa ba. Ƙirjinsa kaɗai ake bukata. Da ƙorafi ya yi yawa kan yadda ake siffanta maza da mata, hukumar kula da talla ta Ingila ta kafa ƙa'ida a 2019, wadda ta hana siffantawa mai cutarwa.

Wani zai ce ina ruwan Gidimuni da wannan? A da, Télé Sahel kaɗai ake kallo a ƙasarmu. Yanzu tauraron ɗan Adam da wayar salula suna kawo tashoshin duniya har bakin tabkin Gidimuni, inda samari suke noman rake da kayan lambu.

Wani kuma zai ce ai mun saba ganin namiji ba riga, tunda ga kokawa. Gaskiya ne, tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa muke kallon ƴan kokawa. Amma akwai bambanci. A zamaninsa, Langa-Langa na Damagaram in ya shiga fili, da sunansa yake shiga, da garinsu, da kirarinsa, da makaɗinsa. Ƙarfinsa ake gwadawa, kuma takobi ake nema. Namijin talla kuwa ba shi da gari, ba shi da dangi. An mai da shi marfin kwalba.

Illar tana nan. Saurayin da ya wuni yana ban ruwa a garka, jikin da aiki ya gina masa sai ya ga bai kai na hoto ba. Bai san fitila da kwalliya da gyaran na'ura ne suka ƙera wancan ba. Daga nan sai raina kai, sai ɓarnar kuɗi wajen ƙwayoyin ƙara jiki da ake sayarwa ba da izinin likita ba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan watsa labarai su tace talla da ma'auni ɗaya: abin da bai dace a yi wa mace ba, kada a yi wa namiji. Kamfanonin da suke tallafa wa kokawa su girmama ɗan wasa da sunansa. Malaman yaƙi da jahilci kuma su koya wa ɗalibai karanta hoto kamar yadda suke karanta baƙi, su riƙa tambaya: wa ya biya, me yake son in saya?