Gargaɗi Game da Kuɗin Sallama da Nafaƙar 'Ya'yan Sakakkiya

Da sunan Allah muke farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ina so in yi magana a kan wata mas'ala wadda ta yawaita a garuruwanmu. Mutum ne ya saki matarsa, 'ya'yansa suna hannunta, yana aika musu da abin ci kowane wata. Sa'an nan wurin aikinsa suka rage ma'aikata, suka sallame shi, suka ba shi kuɗin sallama dunƙule guda. Sai ya aika wa uwar 'ya'yan cewa albashi ya yanke, saboda haka ciyarwa ma ta yanke. Ni a ganina wannan magana ɓatacciya ce, kuma zan faɗi dalili.

Sababin wannan rubutu, wata mace ce ta zo zaurena tare da wanta. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, uban 'ya'yana wata huɗu ke nan bai aiko ko tiya ɗaya ba. Ya ce an sallame su daga aiki. Amma na ji an ce ya kai lefe wani gida." 'Ya'yansu uku, babbar mace ce mai shekara 9, an ɗora mata tallan gyaɗa, ta bar makarantar allo ta safe. Na aika aka kira shi. Ya rantse mini ba shi da aiki, kuma rantsuwarsa gaskiya ce. Na ce masa, "Malam, ban tambaye ka aiki ba. Me ke hannunka yau?" Sai ya sunkuyar da kai.

To, ku sani, shari'a ta rataya nafaƙar 'ya'ya ga wadatar uba. Aya ta 7 cikin Suratuɗ Ɗalaƙi a kan wannan ta ke, kowa gwargwadon abin da aka hore masa. Albashi hanya ɗaya ce daga hanyoyin wadata. Gado wadata ne, ribar ciniki wadata ce, amfanin gona wadata ne, kuɗin sallama ma haka. Manomi ba ya samun komai sai sau ɗaya a shekara, amma ba wanda ya taɓa cewa nafaƙa ta faɗi daga kansa da rani alhali rumbunsa cike ya ke. Wanda aka sallama aka ba shi kuɗi, rumbunsa ne aka cika masa a rana ɗaya.

A mazhabarmu ta Imamu Malik, kamar yadda almajiri zai samu cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidi da Mukhtasar na Shaihu Halilu, ciyar da ɗa namiji wajibi ne a kan uba har ya balaga yana mai ikon nema, ɗiya mace kuwa har mijinta ya tare da ita. Sharaɗi shi ne 'ya'yan ba su da dukiyar kansu, uban kuma yana da abin da ya saura bayan abincinsa da na matar da ke ɗakinsa. Uwa ba a ɗora mata ciyarwa ba, ko tana da hali. Nata reno ne, kuma mai reno ita ke karɓar nafaƙar yara daga hannun uba, ta abinci da tufafi, da rabonsu na wurin kwana bisa ijtihadin alƙali. In akwai jinjiri, sakin kuma ya yanke, tana da ikon neman ladan shayarwa. Duk wannan takardar sallama ba ta shafe shi ba.

In wani ya ce, "Ai wannan kuɗi shi ne jarina. In na cinye shi, gobe da me zan ciyar da su?" Sai mu ce masa, a cikin maganarka akwai gaskiya. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya, kuma mai hankali ba ya daka irin shuka ya yi tuwo. Ba na cewa a raba kuɗin nan kamar gado. Ka sayi babur mai ƙafa uku, ko ka kama rumfa a kasuwa, ko ka koma gona, wannan duk alheri ne ga yaran su kansu. Amma kafin jari ya haihu, yaro ba ya azumi yana jira. Bari in buga misali. An ba mutum naira 2,400,000, yana ba 'ya'yansa 45,000 a wata. Na shekara guda ya kama 540,000, bai kai rubu'in kuɗin ba. Ya ware wannan gefe tun ranar da kuɗi suka shigo, sauran ya yi jari. In kuwa ya ga ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, hanya a buɗe ta ke: ya je gaban alƙali ya nemi a rage masa gwargwadon halinsa na yanzu. Ragewa da hukunci halal ce. Yankewa da son rai zalunci ne.

Kuma mu duba inda kuɗin nan su kan tafi. Da jari su ke tafiya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da idona ya gani, lefe ne, da fentin ɗaki, da sabuwar waya, wani lokaci har da Umra. Ƙarin aure halal ne, Umra kuma sunna ce a wurinmu. Ciyar da ɗa farilla ne. Wane almajiri ne bai san wanda a ke gabatarwa ba in sunna da farilla suka yi karo?

In kuma uwar yara ta ce, "Shekara goma na yi ina dafa masa abincin da ya ke tafiya da shi wurin aikin nan, sai a ba ni rabi," sai mu ce mata, ki yi haƙuri, baiwar Allah. Kuɗin sallama mallakarsa ne. In iddarki ta cika, ba ki da nafaƙa a kansa, sai abin da ya ke bashi ne tabbatacce, kamar ragowar sadaki. In ya kyauta miki, Allah ya saka masa. Abin da za ki riƙe da ƙarfi haƙƙin yara ne, kuma shi ma gwargwadon bukatarsu da halin ubansu, ba ya kumbura don kuɗi sun zo da yawa a rana ɗaya.

Yanzu ga wurin da mata da yawa su ke asara don rashin sani, ina roƙon malamai su karantar da shi. A mazhabarmu nafaƙar 'ya'ya tana faɗuwa da shuɗewar lokaci. Ma'ana, in uba mawadaci ya ƙi ciyarwa wata shida, yara suka rayu da sadakar maƙwabta, ba a komawa a ce ya biya na baya. Sai a hali biyu: in alƙali ya riga ya yanka masa adadi, ko kuwa wani ya ciyar da su da niyyar zai nemi abinsa wurin uban. To, kun ga haɗarin. Uwa tana kunya, tana cewa bari in ƙara haƙuri, shi kuwa kuɗi suna narkewa. Ranar da ta isa kotu ya zama matalauci na gaskiya, na baya ya faɗi, na gaba babu abin da za a kama. Saboda haka, ke mai reno, da zarar kin ji labarin sallama, ki tura waliyyinki su yi magana da shi a gaban shaidu, a rubuta. In ya ƙi, ki kai ƙara da wuri. In kina ciyarwa daga guminki kafin nan, ki kafa shaidu cewa ba kyauta ki ke yi ba.

Adalci kuma ya sa in faɗi ɗaya gefen. Ba kowane korarre ne a ke biya ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 20, ta umarci mai ma'aikata ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya daidaita da waɗanda zai rage a kan abin da zai ba su, amma ba ta yanka adadi ba. Mutanen Kaduna ba su manta ba da yadda manyan masaƙun Kakuri suka rufe tsakanin 2002 da 2007, ma'aikata da yawa suka yi shekaru suna jiran haƙƙinsu, waɗansu har suka rasu ba su karɓa ba. Wanda ya ke cikin irin wannan hali, hannunsa wayam, matalauci ne a shari'a. Nafaƙa ta faɗi daga kansa muddin yana haka, kuma ba ta zama bashi a wuyansa. Kada a tozarta shi, dangi da jama'a su ɗauki yaran. Amma ranar da aka biya shi, wajibi ya dawo daga wannan rana. Haka nan wanda ke da asusun fansho: dokar fansho ta 2014 ta yarje wa wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata 4 bai sami wani aiki ba, ya ciri har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. In ya cira, wannan ma wadata ce, a lissafa da ita.

Ina kira ga alƙalanmu, in uba ya zo yana cewa an sallame ni, kada a tsaya ga takardar kora kaɗai. A nemi ya kawo shaidar abin da aka biya shi da ranar da aka biya, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina kira ga malaman unguwa, in mutum ya zo neman a ɗaura masa aure da kuɗin sallama, a tambaye shi cikin sirri da ladabi, ina 'ya'yan waccan, me suka ci jiya?

Shi mutumin nan da na ambata, bayan mun zauna da dattawan gidansu, ya yarda ya ajiye na shekara guda a hannun kawunsa, ana miƙa wa uwar yara wata-wata. Auren bai fasa ba, sai dai an rage akwatuna. Yarinyar ta dawo allonta.

Wannan shi ne abin da ya bayyana gare ni. Wanda ya ga kuskure a ciki ya gyara mini da hujja, zan gode masa. Allah ne mafi sani. Allah ya buɗa wa waɗanda aka sallama ƙofar arziki, ya sa mu sauke haƙƙin waɗanda ba su da bakin neman haƙƙinsu. Haza wassalamu.