ZAUREN 'YAN MATA: Waƙar Kewa Da Zuciyar Budurwa



Yau zancen waƙa za mu yi. Duk wadda ke hawa motar Kankiya zuwa Kusada ta san abin da direbobi ke sakawa: mawaƙi na ta kuka an guje shi, abinci ya ƙi ciyuwa, barci ya ƙaura, in masoyiya ba ta dawo ba sai kabari. Ku kuma kun haddace tsaf, har a bayan littafin lissafi ake rubutawa. Kar ku musa, na gani da idona.

Kukan zuci a waƙa dai ba yau aka fara ba. Iyayenmu mata a kan dutsen niƙa suke amayar da abin da ke cin su: kishiya, miji da ya tafi cin rani ba aike, uwar da aka baro a wani gari. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sunansa ma maraici ne, kuma da kuntiginsa ya rera halin talaka. Finafinan Indiya suka zo da muryar Lata Mangeshkar, muka yi ta sharɓar hawaye alhali ko kalma ɗaya ba mu ji. Bayan fitowar Sangaya a 1999 kuwa, waƙar fiyano ta mamaye finafinanmu.

To amma fa ku lura. Mai niƙa in tana waƙa, maƙwabciya na jiyowa ta katanga, ta leƙo ta ce, "Yaya, lafiya kuwa?" 'Yar gaɗa a dandali ta faɗa da baya, ƙawaye su cafe ta. Waccan waƙa mutane take kirawo wa mai ita. Ta yanzu kuwa an toshe kunne da ita, an ja mayafi, ana maimaita baiti ɗaya har kiran assalatu. Shi mawaƙin da ya rantse zai mutu tuni ya karɓi kuɗinsa a sutudiyo, ya ci tsirensa ya kwanta. Ke aka bari da rama. Ko kalmar bege, da muka tashi muka ji sha'irai na yi wa Fiyayyen Halitta (S.A.W.), yau an miƙa wa saurayin da ko gidanku bai turo ba. Oho dai!

Ni ban hana ki jin waƙa ba. Amma in kika yi mako biyu ba ci ba barcin kirki, karatu ya tsaya, ko zuciya ta fara raya miki gara barin duniya, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Faɗa wa Inna, ko Gwaggo, ko malamar da kika yarda da ita, a kai ki babban asibitin Kankiya. Ke kuma ƙawa, in kin ga 'yar ajinku ta daina fita tara, kullum kai a kan benci, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta, kar ki yi mata dariya.

Ina jiran wasiƙunku. Wadda ba ta son a buga sunanta ta rubuta haka a saman takarda.

Taku har kullum,
Antinku.