Harshen Kwamfuta Ma Sai Da Ƙa'ida

Ni da na koyi Hausa da girmana na san wahalar bambancin karin harshe. A aji an koya mini "biyar", a kasuwa na ji Basakkwace yana cewa "biyat". Ashe harsunan kwamfuta ma sun sha irin wannan fama.

A shekarar 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape, harshen da ke sarrafa shafukan intanet. A 1996 Microsoft ya fito da nasa samfurin, JScript. Sai ya zama umarni guda, amsa biyu. Da aka shiga 2000, idan aka tambayi shekara da umarnin getYear, Netscape sai ya ce 100, Internet Explorer ya ce 2000. Shi ya sa wasu shafuka suka nuna 19100.

Maganin da aka samo shi ne rubutacciyar ƙa'ida, wato ECMAScript, wadda aka fara fitarwa a 1997 aka kuma yi ta gyarawa. Ku dubi umarnan da ke aiki kai tsaye da sifili da ɗaya. Ƙa'idar ta ce kafin su taɓa lamba sai an matse ta cikin gurbi 32. Saboda haka idan ka ba ɗayansu 2147483648, sai ta koma -2147483648. Abin da ban mamaki, amma yau Chrome da Firefox da Safari amsa guda suke bayarwa, mai rubuta shiri kuwa ya san abin da zai tarar.

A ganina, ƙa'ida mai ɗan karkata wadda kowa ke bi ta fi kowa ya kama gabansa. Mu ma abin ya shafe mu. Najeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa, ga kuma masu yar da lanƙwasa a waya, har ƙafa ta koma kafa. Bahaushe zai gane daga ma'anar jimla. Mai koyo irina kuwa ruɗewa yake yi, na'ura ma takan ɗauke su kalmomi daban.

Don haka ina kira gare mu da mu riƙa bin ƙa'idojin rubutun Hausa ko a saƙon waya ne. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.