Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Gwanayen Karta na Zangon Kumasi

Wannan wasiƙa ta masu buga sipa ce a bencinan shayi na Aboabo, Asawase da Sabon Zango, musamman dattawan da matasa ke koyon hannu a wurinsu.

Kuskuren da ya fi yawa a majalisa shi ne mutum ya riƙe kartarsa da ƙima ɗaya, ko abokan wasa biyu ne ko bakwai. Lissafi bai yarda da haka ba. Ana buga sipa da karta 36, daga As zuwa shida, wasu kuma su cire As guda ya rage 35. Kowa biyar yake karɓa, kuma cin zagayen ƙarshe shi ne ci. Da karta 35, idan mutum bakwai suka zauna, duk karta ta shiga hannu. Idan biyu ne, goma kaɗai ke wasa, 25 na kwance a kife.

A ɗauki mai riƙe da Sarki na gidan zuciya. Da abokin karawa ɗaya, yiwuwar As ɗin gidan yana hannunsa ɗaya ce cikin shida. Da mutum huɗu ta kai rabi. Da bakwai kuwa, babu makawa yana hannun wani. Sarkin bai canja ba, amma a teburin mutum biyu ya cancanci a dogara da shi.

Ƙananan karta ma darajarsu na hawa idan mazauna benci suka ragu. Wanda ya ci zagayen ƙarshe da shida maki uku ne nasa, da bakwai biyu, da sauran karta ɗaya. Gwani a wasan mutum biyu yakan ɓoye shidarsa, ya zura ido ya ga gidan da abokinsa ya kasa bi, ya ƙwace zagaye na huɗu, sannan ya dire ta a benci. A taron mutum shida wannan dabara kan ruguje, domin da wuya a rasa mai sauran gidan.

Masu wasan poka na Amurka sun daɗe da sanin haka. A salon da ake raba karta bibbiyu daga 52, As biyu na cin kusan kashi 85 cikin 100 a gaban mutum ɗaya, amma a gaban tara sai ya faɗo wajen kashi 31. Shi ya sa As mai raunin rakiya, da ake zubarwa a cikakken tebur, ake shiga da shi idan saura mutum uku.

Roƙon da ake yi wa dattawan majalisa biyu ne: su koya wa matasa ƙirga mazauna benci kafin su duba hannunsu, kuma su hana sa kuɗi, don wasan ya tsaya a gasar basira, kada ya koma caca.