Tsohuwar Kyamara da Shaidar Zamanmu

A 'yan shekarun nan matasan Turai da Amurka sun koma neman ƙananan kyamarorin dijital na shekarun 2000, waɗanda wayar hannu ta kora daga kasuwa. Su yayi ne ke jan su, da launin hoto irin na da. Mu Hausawan Hartum da Umdurman muna da dalilin da ya fi wannan nauyi, shi ya sa muke son wannan sha'awa ta samu gindin zama a cikinmu.

Mun haura ƙarni a ƙasar nan. Wasu kakanninmu hanyar Hajji ce ta kawo su, wasu kuma sun iso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu. To, hoton wannan dogon zama nawa ya rage a hannunmu? Da aka tashi unguwar Ishash Fallata aka mayar da mutanenta Inƙaz, mutum nawa ne zai iya nuna wa jikansa lungun da aka haife shi? Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 kuwa ya jawo wawashe gidaje, har Gidan Tarihi na Ƙasa bai tsira ba. Al'ummar da ake yawan yi wa tambayar asali ba ta da uzurin sakaci da shaidar zamanta.

Wani zai ce ai waya ta wadatar. Gaskiya ne wayar yau ta fi tsohuwar kyamara gani cikin duhu. Amma waya ce ɓarawo ke fara nema, ita ake bincikawa a shingen hanya, kuma a cikinta Bankak yake, don haka ba a sakar wa yaro ita ya yawata unguwa. Katsewar sadarwa ta Fabrairu 2024 ta kuma koya mana cewa ajiyar intanet ba kullum ake kaiwa gare ta ba. Ita kuwa kyamara aikinta ɗaya ne, katinta bai fi kan yatsa ba, a cire shi a ɓoye a haɓar zane.

Wurin zaɓe, mu bi yanayin garinmu, kada mu bi yayi. Tunda wuta ba ta da tabbas, mai cin batir AA ta fi dacewa, irin su Canon PowerShot A590 ta 2008 ko jerin Nikon Coolpix L. A nemi mai karɓar katin SD, domin katin xD na tsofaffin Olympus da Fujifilm da Memory Stick na Sony sun yi wuyar samu. Yawancin waɗanda aka ƙera kafin 2006 ba sa karanta katin da ya wuce gigabait 2. Kafin a biya, a kunna a kashe sau da yawa, a tabbata gilashin idonta na fita yana komawa sumul, a duba ramin batir ko ya yi tsatsa. Ƙurar habub ita ce ajalin irin wannan na'ura, saboda haka a riƙa sa ta a jaka mai zif. Megafiksel 8 sun isa a wanke hoto mai faɗin takardar A4, hasken ranar Sudan kuma yana rufa mata asiri.

Saura ladabi. A nemi izini kafin a ɗauki mutum, musamman iyayenmu mata. A nisanci gadoji da shingaye da duk wurin soja, domin babu hoton da ya kai rai. A daidaita kwanan wata a cikin kyamarar tun ranar farko. A rubuta sunan wuri da na mutane a littafi, a ajiye kwafi biyu a gidaje biyu, a wanke mafi muhimmanci a takarda.

Abin ɗauka kuwa yana ƙofar gida: mai agashe a bakin tukubarsa, almajirai da allunansu a halwa, lallen amarya, dattijon da ya san hanyar da kakansa ya biyo, da magina masu tayar da bangon da yaƙi ya kayar. Mu duba akwatunanmu da na 'yan'uwa, wataƙila kyamarar tana nan kwance. Idan ba mu ɗauki kanmu ba, wani zai ɗauke mu, kuma shi zai rubuta bayanin da ke ƙarƙashin hoton.