SHARHI: Sayen jif ta hannu a Tsaskiya, tsakanin ƙarfin mota da idon ɓarayin daji

Tun bayan sulhun da al'ummomin Jibiya, Batsari, Safana da Ɗanmusa suka ƙulla da 'yan bindiga a shekarar 2025, 'yan asalin yankin da aiki ko gudun hijira suka kai Katsina, Kano da Abuja sun fara komawa gida biki, suna da ta'aziyya. Tare da wannan komawa wata tambaya ta taso wadda a wani wurin ba ta wuce hirar bakanike ba: wace mota mutum zai saya da zai ɗauki iyalinsa zuwa Tsaskiya, Runka ko Ruma, ya dawo da su lafiya?

Amsar da ke fara zuwa baki ita ce jif. Babbar kwalta tana kai mutum Dutsin-Ma ko Batsari, amma da zarar an ratse zuwa ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, sai burji da rairayi da ƙoramun da ke cika a watan Agusta. Ƙaramar mota mai cikin da ke kusa da ƙasa tana barin tukunyar salansa a irin waɗannan hanyoyi. Ta fuskar ƙarfe da taya, Hilux, Prado ko 4Runner su ne maganin wurin, domin an gina su ne a kan firam irin na babbar mota, suna kuma da giyar ja ta musamman ta fita daga yashi da taɓo.

Sai dai a wannan yanki mota ba ƙarfe ba ce kawai, sanarwa ce. Hilux ita ce motar sojoji, 'yan sanda da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Wanda ya shigo da ita da matarsa da 'ya'yansa ya ɗauki kamannin waɗanda ake yi wa kwanton ɓauna. Prado kuwa motar 'yan siyasa da 'yan kwangila ce. Garkuwa da mutane a yammacin Katsina ta daɗe tana dogara da masu kai rahoto daga cikin gari, waɗanda ake kira infoma, kuma babu abin da ke sauƙaƙa musu aiki kamar mota mai ƙyalli da aka ajiye a ƙofar gidan biki. Kuɗin fansa ana yanka shi ne daidai da abin da ake zaton dangi sun mallaka, motar kuwa ita ce shaidar farko. Ba a manta ba cewa a Oktoban 2023 a gefen hanyar Tsaskiya, cikin garin Dutsin-Ma, aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya da ke garin. Sulhun ya rage hare-hare a wurare da dama, amma makamai na nan a hannun waɗanda aka yi sulhun da su, kuma gwamnatin jiha da kanta tana nanata cewa yarjejeniyar ta al'umma ce, ba tata ba.

Shi ya sa lissafi ya fi karkata ga motocin tsaka-tsaki: tsohuwar RAV4, Honda CR-V, ko Highlander ta farkon shekarun 2000. Suna da tsayin da zai wuce da su kwazazzabon da ruwa ya ci, kuma sun yi yawa a titi har ba su jan ido. A nan ne kuma dillalai ke cin kasuwarsu a kan rashin sani. Ba kowace mota mai siffar jif ke ja da ƙafa huɗu ba. Highlander an ɗora ta ne a kan ginin Camry, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Mai saye yana iya tabbatarwa da idonsa: ya leƙa ƙasan motar, in babu sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, to Camry ce mai dogayen ƙafafu. Tsayin zai yi masa amfani a burji, amma a yashin gulbi zai nemi masu turi kamar kowa.

Akwai kuma tarihin motar. Kaso mai yawa na motocin da ake kira 'yan Beljiyam daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suke fitowa, wasu bayan hatsari, wasu bayan ambaliya. Wadda ruwa ya taɓa sha tana iya tashi lafiya a wurin dillali, wayoyinta su fara ruɓewa bayan wata shida. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana nuna wannan tarihi ga wanda ya bincika ta intanet. A Kano mutuwar mota ɓata lokaci ce. Tsakanin Safana da Batsari da la'asar sakaliya, inda sabis ɗin waya ke zuwa yana ɗaukewa, magana ce ta rai. Don haka motar da bakanike na Dutsin-Ma ya san cikinta, wadda kayanta ke jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano, ta fi wadda ta fi ta ƙarfi amma sai an sa mata kwamfuta kafin a gane ciwonta. Wannan ne sirrin daɗewar Golf a tashoshin yankin, kamar yadda Fijo 504 ta Kaduna ta riƙe hanyoyin a zamaninta.

Tsadar kuwa manufofin Abuja ne suka gina ta hawa-hawa. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya toshe halastacciyar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya wadda Katsinawa suka saba da ita. A 2022 hukumar kwastam ta koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi. A 2023 aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Litar man da ba ta kai naira 200 ba ta taɓa wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Inji mai silinda shida, wanda a da ake alfahari da shi, ya zama nauyi a wuyan ma'aikaci. Motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ta fi araha, gaskiya ne, amma takardun fito na bogi suna iya sa a sauke iyali a shingen kwastam a tafi da ita.

Dokokin tsaro ma suna shiga lissafin. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita shi zuwa na naira 5,000 ga kowace mota a zaɓaɓɓun gidajen mai na ƙananan hukumomin da ke fama da hare-hare, sannan aka katse layukan waya na tsawon watanni. Duk wanda ya ga wancan lokaci ya san cewa mota mai shan mai tana iya zama kaya a tsakar gida da sa hannu guda. Baƙin gilashi, wanda wasu ke ganin zai suturta iyali, yana ƙara tsayawa ne a shingayen bincike, musamman tun da 'yan sanda suka farfaɗo da batun lasisinsa a 2025.

Mafi yawan mazauna Tsaskiya ba su cikin wannan muhawara ko kaɗan. Babur ne motar iyalinsu, shi ne motar asibitinsu, shi ne kuma abin hawan da dokokin tsaro suka fi takura wa, domin da shi maharan ke yawo, har suna neman sababbi a cikin kuɗin fansa. Masu ikon sayen jif 'yan ƙalilan ne, galibinsu kuma a birni suke kwana. Su ne kuwa masu muryar da za ta iya kai ƙorafin kwalbati da gada gaban kansila, shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar da ke wakiltar Safana, Batsari da Ɗanmusa a Abuja, in har ba su gwammace kowa ya sayi tayoyin da za su tsallake da shi shi kaɗai ba.