Muna kiran shi ulsa ko sanyi, alhali jijiya ce ke toshewa

A shekarar 2025 gwamnatin Shugaba John Dramani Mahama ta kafa asusun MahamaCares domin tallafa wa masu cututtuka masu cin kuɗi, irin su kansa da ciwon ƙoda da ciwon zuciya, waɗanda inshorar NHIS ba ta ɗauke nauyinsu duka. Abin a yaba ne. Sai dai asusun yana jiran mutum ne a ƙofar asibiti, mu kuwa a zanguna, daga Nima har Aboabo, matsalarmu ita ce isa ƙofar da sauran lokaci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne. Wato batun wai ciwon Turawa ne ya ƙare.

Kitse ne ke taruwa a bangon jijiya shekara da shekaru har hanyar jini ta matse, hawan jini da ciwon suga da sigari suna ƙara masa gudu. Jiki yakan yi gargaɗi, amma kowace alama mun riga mun raɗa mata wani suna. Mutum ya hau bene ko ya ɗauki kaya, sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, wani lokaci har wuya ko hannun hagu, in ya huta ya lafa: sai a ce ulsa ce. Dattijo yana tafiya masallaci, bayan ƙwaurinsa ya ɗaure sai ya tsaya ya huta: sai a ce sanyi. Baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, bayan 'yan mintoci komai ya dawo: sai a ce iska ce ta shafe shi. Wannan kuwa sallamar shanyewar ɓarin jiki ce. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti. Mata da masu suga ma sau da yawa ba ciwon ƙirjin sosai, sai haki da zufa da tashin zuciya da gajiyar da ba dalili.

Akwai alamar da maza ba sa son a taɓo, wato raunin mazakuta. Jijiyoyin wurin sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka su kan fara nuna matsala, wani lokaci shekaru kafin zuciya ta nuna tata. To amma me ake yi? Sai a nufi mai tallan maganin ƙarfin maza a tashar mota, a saya a ɓoye. Likita bai ji ba, balle ya auna jini da suga. Abin tsoron ma, hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin Viagra a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗen, kuma in ya gamu da wasu magungunan ciwon ƙirji yakan kayar da jini farat ɗaya.

Cibiyar tiyatar zuciya ta Korle Bu tana nan tun 1989, amma ina mutumin Bawku ko Wa, ina Accra? A ganina, ko kaɗan ne daga kuɗin da ake shirin kashewa a manyan asibitoci ya kamata ya sauko ƙasa: na'urar awon jini a ƙananan asibitocin unguwa, da ma'aikatan jinya a ƙofar masallatan Juma'a ko sau ɗaya a wata. Limamanmu da sarakunan zango ba sai sun jira gwamnati ba. Duk wanda awonsa ya yi ta kaiwa 140/90 ko sama, a tura shi ga likita. Ciwon ƙirjin da bai lafa da hutu ba kuwa, ko bakin da ya karkace, a kira 112 nan take, domin allurar narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa galibi cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.